Shekara uku a hannun wani ofishin dillancin gidaje a Kano: aikinsu da yadda suke yanka kuɗin haya

Tun watan Nuwamban 2022 nake zaune da iyalina a wani falat mai ɗaki biyu da falo a yankin Rijiyar Zaki da ke Kano, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa miƙa kuɗin haya a hannun mai gidan ba, domin ya damƙa al'amarin gidajensa ga wani ofishin dillanci da kula da kadarori, wanda shi ne ke karɓar kuɗi, ya bayar da rasit, ya tura masu gyara, ya kuma rubuto takarda idan za a yi ƙari. Abokan aiki da dama sun tambaye ni ko kama haya ta irin waɗannan ofisoshi ya fi bin dillalan bakin titi da muka saba da su, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani dalla-dalla. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, domin halayen da zan bayyana ba nasu ne su kaɗai ba, kuma wanda ya san harkar zai gane su a duk ofishin da ya shiga.

Abin da ya fara ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin shiga. Hayar gidan a lokacin naira 450,000 ce a shekara, amma kafin a ba ni makulli sai da na biya la'ada kashi 10 cikin 100, wato naira 45,000, da kuɗin rubuta yarjejeniya kashi 5 cikin 100, da naira 30,000 ta ajiya saboda ɓarnar da ka iya faruwa, ban da naira 3,000 da aka karɓa tun farko a matsayin kuɗin ganin gida. Jimilla na fitar da naira 550,500, wato sama da dubu ɗari a kan ainihin kuɗin hayar. La'ada haƙƙin dillali ce, ba na jayayya da ita, amma kuɗin yarjejeniyar ya yi yawa idan aka duba cewa takarda ɗaya ce suke bugawa ga kowa, suna da adireshi da adadin kuɗi kawai ake sauyawa.

Duk da haka, a ɓangaren rubutu da ajiye shaida ofishin ya cancanci yabo ba tare da wani ƙwauro ba. Ranar da zan tare, ma'aikacinsu ya zagaya gidan tare da ni yana rubuta halin da kowane abu yake ciki, tun daga tayil ɗin da ya tsage a kicin har zuwa tagar da ragar sauronta ta yage, muka sa hannu mu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Duk wanda ya taɓa tashi daga gidan haya aka ɗora masa ɓarnar da ya tarar ya san darajar wannan takarda. Kuɗin da na biya kuwa ta banki ne zuwa asusun ofishin, kuma rasit yana fitowa a ranar, ɗauke da farkon shekarar haya da ƙarshenta. Wannan rasit ya ƙara daraja yanzu, domin dokar haraji da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba ɗan haya damar a cire masa kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya a shekara, amma abin da za a cire ɗin ba zai wuce naira 500,000 ba, daga kuɗin shigar da za a yanka masa haraji a kai. Wanda yake biyan haya hannu da hannu babu takarda zai sha wahalar cin moriyar wannan rangwame.

Gyare-gyare ma ba laifi. Da damina ta farko rufin ɗakin yara ya yi yoyo har silin ya kumbura, na kira su da safe, kafin kwana uku kafinta ya zo ya sauya fallen kwano biyu, ba a nemi ko sisina ba. Da injin rijiyar burtsatse ya ƙone kuwa sai da muka yi kusan wata guda muna sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, saboda sun ce sai mai gida ya amince da kuɗin. Wannan shi ne jinkiri mafi tsawo da na gani a wurinsu.

Inda ra'ayina ya rabu da nasu shi ne batun ƙarin kuɗin haya, kuma a nan ne nake son in tsaya sosai, domin shi ne ma'aunin da ya kamata a auna irin wannan ofishi da shi. A Nuwamban 2023 an mayar da hayar naira 500,000, na biya ban ce uffan ba, saboda kowa yana ganin yadda abubuwa suka sauya bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun shekarar. A ƙarshen Satumban 2024 sai ga takarda mai layi huɗu, cewa daga Nuwamba hayar ta koma naira 850,000 "bisa farashin kasuwa", kuma wanda ba zai iya ba ya sanar da ofis cikin mako biyu. Ƙarin kashi 70 cikin 100 ke nan a tashi ɗaya, da wa'adin da bai kai mako shida ba. Domin mai karatu ya gane nauyin wannan adadi, mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Kano ta sanar a watan Oktoban 2024 naira 71,000 ne a wata, wanda idan aka tara na wata goma sha biyu zai ba da naira 852,000. Wato albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara guda cur, bai ci ba bai sha ba, shi ne hayar ɗaki biyu da falo a unguwar da ba ta masu hannu da shuni ba.

Na je ofishin da takardar a hannuna. Manajan, mutum ne mai fara'a da sanin darajar mutane, ya ba ni kujera ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, wallahi ba mu muke yanka farashi ba, kasuwa ce. Ka je ka tambayi buhun siminti, ka tambayi rodi, ka tambayi dala." Na ce masa, "Yallaɓai, duk na san waɗannan, abin da nake so ka nuna mini shi ne yadda aka yi lissafi har aka tsaya a kan 850." Bai da wani lissafi a rubuce, sai ya buɗe wayarsa ya nuna mini tallan gidaje uku a zaurukan WhatsApp na dillalai, kowanne ana neman tsakanin dubu ɗari takwas da miliyan ɗaya.

Hujjarsa ta farko tana da ƙamshin gaskiya, kuma zalunci ne ɗan haya ya yi kamar bai san da ita ba. Buhun siminti da ake saya a kusan naira 5,000 a farkon 2023 ya haura naira 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi matsaya a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta wuce naira 1,500 a 2024, ta ja farashin fenti da kwano da wayar lantarki da kayan famfo. Hauhawar farashi a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024. Mai gidan da ya bar haya a inda take tun 2022 haƙiƙa yana asara, domin kuɗin da yake karɓa ba za su saya masa abin da suke saya a da ba. Amma gidan da nake ciki ya haura shekara goma sha biyar da ginawa, kuma ba a sa masa bulo ɗaya ba tun da na shiga. Tsadar siminti ta shafi wanda yake gini yau kai tsaye, mai tsohon gida kuwa ta shafe shi ne gwargwadon gyaran da yake yi da kuma faɗuwar darajar kuɗin da ke shigo masa. Wannan na iya zama dalilin ƙarin da ya yi kusa da hauhawar farashi, wato kashi talatin da 'yan kai, amma ba ya kai mutum ga kashi saba'in.

Hujja ta biyu, wato farashin kasuwa, ita ce na fi daɗewa ina tunani a kanta, domin a nan ne ake gane yadda ake yanka kuɗin haya a Kano baki ɗaya. Duk Bahaushen da ya taɓa shiga Kantin Kwari ko Dawanau ya san akwai bambanci tsakanin abin da mai kaya ya faɗa da abin da aka sallama. Mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, a ce albarka, a ƙara, har a daidaita, kuma wannan adadi na ƙarshe shi ne farashi. Abin da manajan ya nuna mini a waya sunan da aka sa wa gidaje ne, ba abin da aka biya ba. Biyu daga cikin gidajen ma sababbi ne fil, da mita ta kansu da tankin ruwa na kowane falat, sannan ɗaya yana bakin titin Gwarzo. Idan dillali ya sa gida a miliyan ɗaya, maƙwabcinsa ya gani ya ɗauka farashin unguwa ke nan, shi ma ya sa nasa haka, na uku ya kafa hujja da su biyun, to cikin 'yan makonni adadin da babu wanda ya taɓa biya ya zama abin da kowa ke kira kasuwa. Babu wani kundi da ɗan haya zai buɗe ya ga nawa aka biya a layinsu bara, saboda haka mai wayar da ta fi yawan tallace-tallace shi ke da bakin magana.

Ba ina cewa buƙatar gidaje a wannan yanki ƙarya ba ce. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana kusa, malamai da ma'aikata da ɗalibai masu iyali suna neman Rijiyar Zaki da Danbare da Janbulo da Tudun Yola, ga kuma iyalan da rashin tsaro ya taso daga Zamfara da Katsina, bayan waɗanda suka zo daga Borno da Yobe tun shekarun baya. Ga angwaye da ke neman inda za a kai amarya duk bayan sallah. Filaye kuma sun zama asusun masu kuɗi, waɗanda suke saye su katange su bari saboda gudun faɗuwar naira, don haka fili yana tsada ba tare da ɗakunan kwana sun ƙaru daidai da mutane ba. Duk wannan yana tura haya sama, ko da dillali ko babu. Abin da nake zargin ofishin da shi shi ne ɗaukar mafi tsadar abin da ake faɗa a matsayin ma'auni ga tsohon gida da tsohon ɗan haya, ba tare da ya tace ba.

Dalilin hakan kuwa ba ɓoyayye ba ne, yana cikin yadda ake biyan su. Ofishin yana cire kashi 10 cikin 100 na duk hayar da ya karɓar wa mai gida, saboda haka a kan 500,000 rabonsa dubu hamsin ne, a kan 850,000 kuwa dubu tamanin da biyar. Idan na gaza na tashi, wanda zai maye gurbina zai biya sabuwar la'ada da sabon kuɗin yarjejeniya, kashi 15 cikin 100 na sabon farashi, kusan naira 127,500. Mai gida yana iya asarar wata biyu ko uku gida na kulle, ga kuɗin fenti, amma ofis ba ya asarar komai idan ɗan haya ya fita, riba ma yake samu. Ba na jin manajan mugu ne, amma tsarin da aka ɗora shi a kai ba ya ba shi ladan riƙe mutumin kirki a gida. Akwai ƙwararrun masu ƙiyasta darajar kadara a ƙasar nan, 'yan ƙungiyar NIESV da aka kafa a 1969, waɗanda hukumar ESVARBON ke yi wa rajista tun bayan dokar 1975, kuma ƙa'idar aikinsu ita ce kwatanta gida da irinsa a shekaru da girma da wuri, bisa kuɗin da aka biya da gaske. Ofishin da ke karɓar kaso a kan kula da gidajen mutane ya kamata a ce yana aiki da wannan ƙa'ida, ko da a takarda shafi ɗaya ce.

Gajeren wa'adin ma kuskure ne babba. Ƙa'idar da aka saba da ita a dokokin karɓar gida a Najeriya, idan yarjejeniya ba ta tanadi wani abu daban ba, ita ce mai biyan haya shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata shida, mai biyan wata-wata kuma na wata guda, sannan a biyo da na kwana bakwai kafin a je kotu. Kotuna sun kuma sha bayyana cewa ƙarin haya tayi ne daga mai gida, ba ya zama wajibi sai ɗan haya ya karɓa, ko da yake mai gida yana da ikon bin hanyar doka ya karɓi gidansa. A Legas dokar haya ta 2011 ta ba ɗan haya damar kai ƙara idan yana ganin ƙarin ya wuce hankali, kotu ta duba hayar gidaje makamantansa a unguwar. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya gabatar da ƙudurin da zai mayar da biyan haya a Abuja wata-wata. Ofishin da ya karɓi kuɗin rubuta yarjejeniya a hannuna ya fi ni sanin waɗannan abubuwa, amma takardarsa ta zo da lafazin da zai sa mai ƙaramin sani ya ɗauka cikin mako biyu za a iya fitar masa da kaya waje.

Ta fuskar addini ma, wanda ni da manajan da mai gidan duk muke ƙarƙashinsa, maganar a fili take. Malamai suna kawo hadisin da aka nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi a Madina ya ƙi, kuma masu gidaje suna son kafa hujja da shi. Amma shari'ar da ta bar farashi ga yardar mai saye da mai sayarwa ita ce ta haramta najashi, wato mutum ya taya kaya ba don zai saya ba sai don ya ɗaga wa wani farashi. Faɗin "akwai wanda ya taya a dubu ɗari tara" alhali babu shi, ko nuna tallan da ba a sallama ba a matsayin ciniki, ya yi kusa da wannan ƙofa ƙwarai. Fiƙihu kuma ya san abin da ake kira ladan misali, wato abin da ake biya a kan irin wannan gida a irin wannan wuri, kuma shi nake nema a nuna mini tun farko.

Abin da ya warware matsalar ba daga ofis ya fito ba. Na bi ta hannun limamin masallacin layinmu na samu ganin mai gidan bayan sallar Juma'a, dattijo ne ɗan fansho da ya gina falat huɗun da muke haya a ciki da kuɗin sallamarsa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ban zo in ce kada a ƙara ba, na zo ne a ƙara abin da zan iya ɗauka." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ni ce musu na yi kuɗin ba sa isa ta magani da makarantar jikoki, su suka ce mini unguwar ta kai haka." Ya lissafa mini abin da ya kashe a injin rijiya da kwashe masai da harajin gida, ni kuma na faɗa masa abin da maƙwabta biyu masu irin gidan suka biya a watan da ya wuce, 650,000 da 700,000. Muka tsaya a kan 680,000, kashi biyu, rabi a Nuwamba rabi a Maris. Ƙarin kashi 36 cikin 100 ne, ya yi mini nauyi, amma na san daga inda ya fito, kuma shi ma dattijon bai cutu ba. Sauran 'yan haya biyu sun bi wannan hanya. Na huɗunmu, wani malamin firamare mai 'ya'ya biyar, ya riga ya tsorata da takardar ya kwashe kayansa zuwa wajen gari, falat ɗinsa kuma ya yi wata huɗu a kulle kafin aka ba da shi a kan 720,000. Wannan tashin nasa har yau yana damuna, domin da an yi masa bayani da wa'adi na hankali da yana nan.

Adalci ne in faɗi cewa ofishin ya gyara a shekarar da ta biyo. Takardar 2025 ta zo tun watan Yuli, ta ce hayar za ta koma 750,000, ta kuma lissafa fentin waje da gyaran magudanar ruwa da aka yi, waɗanda na gani da idona. Manajan bai riƙe ni a zuci ba saboda tsallake shi da na yi, kuma ma'aikatansa suna ɗaga waya kamar da.

Wanda yake son takarda ingantacciya, da rasit, da wurin da zai kai kuka idan rufi ya yi yoyo, irin wannan ofishi ya fi masa dillalin da zai karɓi la'ada a gindin bishiya ya ɓace. Amma kada ya ɗauka ofishin wakilinsa ne don shi ya biya la'ada, wakilin mai gida ne kuma mai kaso a cikin kowane ƙari. Kafin ya sa hannu ya nemi a rubuta cikin yarjejeniya cewa duk wani ƙari sai an sanar da shi aƙalla wata uku kafin shekara ta cika, a kuma rubuta sharuɗɗan mayar da kuɗin ajiya da ranar da za a mayar, sannan ya nemi sanin mai gidan ido da ido tun kafin wata matsala ta taso. Ni na nemi a saka sharaɗin wata ukun a sabuwar yarjejeniyata ta Nuwamban 2025, sun saka, ba su kuma karɓi kuɗin rubutu a karo na biyu ba.